Rasuwar Hajiya Mai Nishi, Kwamfutar da Ta Tafi da Injin Rijiyar Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma wani zargi da ya ƙi fita daga raina, ni Maharazu Ɗan Bala, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Gazawa, a madadin kaina, da mahaifiyata Inna Hauwa, da 'yan fadarmu ta gindin bedi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gida, da na Gidan Rumji, da na tsallaken iyaka, rasuwar kwamfutata, wadda yaran lakol, wato makarantar boko, ke kira ordinater, mu kuma muka fi sani da Hajiya Mai Nishi. Rai ya yi halinsa ranar zaɓen zagaye na biyu, tsakanin hantsi da azahar, a cikin ɗakina, ina can tsaye a layin jefa ƙuri'a rana na dukan ƙeyata. An ce mini ta cika ba kowa a kanta. Haka dai aka ce mini a lokacin.

Liman ya riga ya ja mini kunne cewa ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa salla, ba a yi masa sadaka. Na ji, na kuma bi. Amma bai ce kada in yi baƙin ciki ba, bai kuma ce kada in yi tambaya ba, kuma tambayoyi gare ni.

Marigayiyar ba 'yar nan ba ce. An haife ta can ƙasar Turawa, ta yi aiki a wani buro, wato ofis, da ba mu sani ba, har suka gaji da ita suka sako ta jirgi tare da sauran tsofaffi. A Katsina na gan ta, a ƙarƙashin teburin wani ɗan kasuwa, an ɗora mata tulin wayoyi a ka. Ta tsallako iyaka a kan babur ɗin kabu-kabu, akwatin a cinyata, madubin da ake kallo ɗaure a bayana da zanen Inna kamar goyo. Tun ranar da na fara kunna ta ta nuna halinta. Sai ta yi shiru tukuna, kamar mai shawarar ko ta tashi ko ta ƙara kwanciya, sannan ta ce “ƙiiit”, ta biyo da “gurrr, gurrr”, ta ja dogon numfashi “fuuuu”, daga nan fuskarta ta yi haske. Wannan nishin ne ya ba ta suna. Hajiya kuwa Chindo mai shayi ne ya ƙara mata, wai tunda ta hau jirgi.

Mai haƙuri ce. Ta sha wutar tsohon gurup ɗina, wato janareto, mai ba da wuta yau da ƙarfi gobe da sanyin jiki, ba ta taɓa kai ƙarata ko'ina ba. Ta sha yatsu masu maiƙon ƙosai. Ta ji sirrin 'yan fada kala-kala, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ta bakinta ba, abin da ba zan iya faɗa a kan sauran mazauna gindin bedin ba.

Ban saye ta don wasa ba, kowa shaida ne. Na saye ta ne in riƙa zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a wayoyinsu. Amma a cikinta na tarar da wani wasa da mai ita na farko ya bari, kuma daga nan komai ya faro. Wasan fili ne fetal, ba maƙiyi, ba bindiga, ba kowa. A gefe an jera maka katako, da taya, da igiya, da sarƙa, da gargare mai haƙora, da dutse, da ruwa. Ka ɗauko ka harhaɗa abin da ranka ke so, amalanke ne, jigo ne, ko wani injin da ba a taɓa gani ba. In ka gama sai ka danna maɓalli, duniyar ciki ta farka: mai nauyi ya faɗi, mai gangara ya gangara, igiya ta ɗauka ko ta tsinke. Kai kuma ka riƙe maɓallai kana tuƙa abin da ka ƙera, ka ga ko zai kai ka ko zai kife da kai.

Kowa ya san irin shekarar da muka yi. Tun da sojoji suka ce za su mai da mulki hannun farar hula muke ta jefa ƙuri'a, wannan na ƙarewa wancan na tahowa, kuma kowace mota mai lasifika da ta shigo Gazawa da nata alƙawarin take zuwa. Mun sha alƙawarin kwalta, mun sha na famfo a kowace ƙofa. Marigayiyar kaɗai ce a garin nan ba ta karɓar alƙawari. Ka ce mata amalankenka zai ɗauki gero har sama, ba za ta yi musu da kai ba. Sai ta bari ka danna, ta ce “ƙwas”, sandar taya ta karye, ta watsa maka geron a ƙasa gaban jama'a. Chindo ya yi kwana da kwanaki yana ƙera injin da zai riƙa ɗaga buta sama yana tsiyayo shayi don kumfa, da ya danna, butar ta juya ta zuba wa ɗan mutumin cikin wasan a ka, muka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Hamma, wani makiyayi da ke biyowa ranar kasuwa, ya tambaya ko akwai saniya a ciki, da aka ce babu ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Shi kaɗai ne na cire daga zargi tun farko.

Ni abin da nake ƙerawa daban ne, kuma ba na dariya ba ne. Bayan gidanmu akwai rijiya mai zurfi da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya haƙa, da ɗan lambun zogale da yakuwa da albasa. Inna Hauwa ce ke janyo ruwan da hannunta, tun ina goye har yau da furfura ta fara leƙo mini. Ba ta yarda a taya ta. In na kama igiya ta ce ina zubar da rabin guga a hanya. In matata Raliya ta kama ta ce tana goga igiyar a bakin rijiya za ta cinye. Na kawo mai ga-ruwa ta kore shi, wai ita ba ta mutu ba tukuna. Tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin tukunya, kafaɗarta ta dama kuwa ba ta ɗaguwa ta wuce kunne, da hagu take ɗaura kallabi. Lokotoro, wato likita, ya ce in ta ƙara bazara ɗaya tana wannan ja, hannun zai tafi gaba ɗaya. Ta ce lokotoro yaro ne, ta san uwarsa.

Abu ɗaya na samu ta yarda da shi bayan dogon lallashi: in dai ita ce za ta riƙa fito da ruwan, ba ruwanta da ko da me za ta fito da shi. Shi ya sa na haƙa rijiya a cikin Hajiya Mai Nishi, mai zurfin tamu, na tsai da ɗan mutum a bakinta, na shiga ƙera injin da tsohuwa za ta juya da hannun hagu kaɗai. Dabarar ita ce dutse ya riƙa sauka ta gefe ɗaya yayin da guga ke hawa ta ɗayan, gargare da sarƙar keke su raba nauyin, ita nata ta juya mariƙi. Faɗa da baki ba wuya. Dutse ya faɗo wa ɗan mutumin nan a ka har na daina duba fuskarsa. Guga ta yi sama ta tashi kamar tsuntsu. Mariƙi ya kufce ya juyo ya doke shi a haɓa. Duk lokacin da haka ta faru marigayiyar kan ce “tin”, a hankali, ba gori, ta mai da komai wurinsa in sake. Da a bakin rijiyar gaskiya na yi wannan gwajin, da ƙarfe na gaskiya, da yanzu wata sanarwar kuke karantawa.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe injin ya tsaya da ƙafarsa. Guga ta hau a natse, ta zube a kwalbati, ta koma, ɗan mutumin na juyawa da hannu ɗaya ko gumi babu. 'Yan fada suka raɗa masa suna Inna-Huta. Ranar zaɓe kasuwa ba ta ci ba, sai na ɗauko marigayiyar daga rumfata na kawo ta gida, kamar yadda nake yi duk ranar da ba kasuwa, na tashi gurup, na kunna injin, na ɗora ɗan dutse a kan maɓalli don mariƙin ya yi ta juyawa ba tsayawa. So nake in ga ko igiya za ta jure aikin yini guda. Na ja ƙofa, ni da Raliya muka tafi lakol ɗin da aka ajiye akwatin zaɓe. Lokacin da na fita tana ta “fuuuu, fuuuu” da ƙarfi, don zafin ranar ba na wasa ba ne, kuma aikin da na ba ta mai nauyi ne.

Na dawo da tawada a yatsa na tarar gurup na ta ruri shi kaɗai, ita kuwa fuskarta baƙi ƙirin. Na danna, shiru. Na cire waya na mayar, shiru. Na kira sunanta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ɗakin na warin ƙonannen roba, ƙasan kuma da ɗan danshi, na ɗauka yayyafin sharar safe ne bai bushe ba. Washegari na rungume ta na shiga motar Maradi. Likitan kwamfuta ya buɗe cikinta, ya sansana, ya girgiza kai, ya ce zuciya ta ƙone, ma'ajiyar tunani ma ta bi ta, ba abin da za a ciro. Ya tambaye ni ko an yi ruwan sama a ɗakina. Na ɗauke shi a irin shaƙiyancin mutanen Maradi.

To, jama'a, kwamfutar da ta tsallake teku, ta tsallake iyaka a kan babur, ta ci bazara a rumfar kwano, ba ta mutuwa haka kawai a ranar da kowa ya san ba na gida. A motar dawowa na fara jera mutane a raina.

Na fara da Rashidu, ɗan kawuna, wanda tun da aka buɗe kamfen zaɓe bai sake sa hular da ba ta da hoton wani ba. Shi ya ari gurup ɗina ya kai shi taro ƙauye-ƙauye, ya dawo mini da shi yana tari, Allah kaɗai ya san irin man kwalbar da ya ɗura masa. Kuma masu tambayata me ya sa ban kwafe injin a kile ba, wato ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗebi ajiya, su je su tambayi Rashidu. Na kwafe. Ya ara, ya share abin da ke ciki, ya cika shi da waƙoƙin ɗan takararsa. Da na yi magana ya ce in sun ci za a kawo mana famfo har tsakar gida, me za a yi da guga. Ba su ci ba. Waƙoƙin suna nan, duk mai so ya zo ya ɗauka.

Chindo ma bai fita ba. Tun da wasan ya shigo, mutane sun koma juya wa teburinsa baya, shayi na hucewa a kofi, kuma na sha kama shi yana yi wa marigayiyar wani irin kallo ta saman buta. Mutumin da injinsa ya kunyata shi gaban fada, ga shi kuma kullum da ruwan zafi a hannu, ai dole a sa masa ido.

Amma babban wanda zuciyata ta tsaya a kansa shi ne Sanda mai walda, mai garejin gyaran babura a hanyar tasha. Ni da Sanda tun muna lakol ba mu taɓa yarda a kan abu ɗaya ba. Shi ne ya fi kowa cewa wasan na yara ne, ƙato da gemu na tura katakon ƙarya. Bai taɓa taɓa maɓalli ba. Amma kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Sai ya tsaya a bayana, hannuwa a baya, yana numfashi a wuyana, idonsa a kan gargaren, leɓensa na motsi kamar mai jan carbi. Ranar zaɓe shi ya fara jefa ƙuri'a a layinmu, ya ɓace. Ku gaya mini, wane mai gaskiya ne ke sammakon zaɓe haka? Maƙwabta kuma sun tabbatar mini an gan shi a ƙofar gidanmu da hantsi, ya shiga a hankali, ya fito da sauri.

Na zagaya bayan garejinsa ba sallama, na ɗaga wani tsohon kwano, ga abin da na gani. Tayar babur ba roba, sarƙar keke, gargare biyu manya da ƙarami, dutse a cikin ragar waya, mariƙi a gefen hagu. Inna-Huta ne, da ƙarfe na gaskiya, an kusa gamawa. A jikin mariƙin ya rubuta sunansa da wutar walda, manyan baƙaƙe, don kada a yi kuskure. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni mai injin, tun da marigayiyar ta tafi na kasa tuna tsarin ƙarshe. Na canza shi ya fi a ƙirga, wanda ya yi da waɗanda suka kashe ɗan mutumin duk sun cakuɗe a kaina. Ga shi ɓarawo ya haddace shi tsaf. Na koma gida ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa Sanda ne, da niyyar in sa riga in tafi wurin jandarma.

Ina neman hula Inna ta shigo da ƙwaryar fura, ta zauna a bakin gado, wurin da marigayiyar ke zama. Ta ce in daina ƙin cin abinci a kan ƙarfe. Ta ce ita ma ta ji mutuwar, don ta saba da nishinta. Sannan ta ce abu ɗaya ne ke sanyaya mata rai, cewa baiwar Allah ba ta tafi cikin wahala ba. Wai bayan fitarmu ta ji kukan ya yi yawa, ta leƙo, ta ɗora mata hannu ta ji jikinta zafi rau kamar yaro mai zazzaɓi, mu kuma mun tafi mun bar ta tana aiki ba ko ruwa. Sai ta je ta kwance buhun da take naɗe jarkarta da shi don ruwa ya yi sanyi, ta koma rijiya ta ƙara jan guga, ban da na lambu da ta riga ta ja, ta jiƙa buhun sharkaf, ta zo ta lulluɓe ta da shi har ƙasa, ta ƙara yayyafa mata ta wajen ramukan da take numfashi. Wai nan take ta ce “ɗas”, ta yi ajiyar zuciya, ta yi barci. Da ta ga ta samu sauƙi sai ta ɗauke buhun ta shanya, kada in dawo in ce an taɓa mini kaya.

Tana faɗa tana murza kafaɗarta ta dama da hannun hagu. Ta ce jan na ranar ya ɗan taɓa ta, amma ba komai, ai Hajiya baƙuwa ce a gidan, kuma saboda ita Inna take wannan wahala. Na shanye furar tas. Ban san da me zan toshe bakina ba in ba da ita ba. Na fita bayan madafa na tarar da buhun rataye a kan danga, ya bushe, na tsaya ina kallonsa har Raliya ta tambaye ni ko lafiya.

Ban je wurin jandarma ba, garejin Sanda na koma. Ashe ya sani. Ya ce abin da ya kai shi gidanmu shi ne ya ƙara leƙa gargaren ƙarami ta taga, don akwai haƙorin da ya shige masa duhu, sai ya tarar Inna na yayyafi, kafin ya buɗe baki ya ji “ɗas”. Ya ce ya ga fuskarta, tana murmushi tana gyara wa akwatin lulluɓi, sai ya juya ya fita. Ya ce injin kuwa don Inna yake haɗawa, ya san ni da baki, sai damina ta wuce ina gyara katakon ƙarya, kuma tuwonta ya ci ya girma lokacin da uwarsa ke kwance. Sannan ya ce tunda na riga na zagaye gari ina cewa shi ne, to a bar shi a haka, kada tsohuwa ta ji.

Ban ce na yarda da shi ba. Mutumin da ya karɓi laifi da sauri haka, akwai abin da yake nufi, kuma ina nan ina bincike. Amma ga abin da ya biyo baya, ku auna da kanku. Labarin cewa Sanda ne ya lalata marigayiyar ya riga ya kai kunnen Inna ta bakin mata. Ta ce dama tun yana ƙarami idonsa bai kwanta mata ba. Ta daina amsa gaisuwarsa, ta hana a tsinkar masa zogale, ta kuma rantse ba za ta taɓa wani ƙarfen da ya fito daga hannunsa ba. Da na kai masa wannan magana sai ya ɗauko zarto, ya zauna a ƙasa ya goge sunansa daga jikin mariƙin, baƙi bayan baƙi, har wurin ya yi sumul. Na duba da kyau ko ya bar wata alama a ɓoye. Ban gani ba tukuna.

Saboda haka, ga abin da iyalan marigayiya suka tsayar. Ciwon ajali shi ne zafin bazara, da hannun Sanda. Injin kuwa ni na ƙera shi. Wannan takarda a ƙofar rumfata za a liƙa ta, Inna ba ta zuwa kasuwa, ba ta kuma karatun boko. Duk wanda ya karanta ya bar abin da ya karanta a nan. Kada ya kai gida, kada ya gaya wa matarsa ko da ta rantse, musamman kai Chindo. Wanda ya bari kalmar buhu ta fita bakinsa a gaban Inna, ni da shi har abada, kuma kada ya sake kawo mini rediyo.

Marigayiyar ta rasu ta bar madubinta, wanda ke nan lafiya amma ba ya nuna komai sai fuskar mai kallonsa. Ta bar allon maɓallai da wasu haƙoransa suka zube, da ɗan linzaminta mai doguwar jela, da gurup, abokin zamanta, wanda har yanzu ke tari ta dalilin Rashidu. Ta bar 'yan fada da suka koma gardamar wa zai samu minista. Ta bar ɗan mutumin cikin wasa, wanda ya sha dutse a ka saboda uwata bai taɓa cewa uffan ba, kuma ya tafi tare da ita ban yi masa godiya ba. Ta bar ɗa guda, Inna-Huta, wanda ta haifa amma ba ta ga tsayuwarsa ba. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a kai ta maƙabarta ba, liman ya yi magana. Za a ɗauko gawar daga rumfata a kan amalanke, a bi ta gaban teburin Chindo a hankali don ya samu damar kallon ƙasa, a tsaya a garejin hanyar tasha. A can za a cire murfin ƙarfenta a lanƙwasa shi ya zama rufin gargaren injin, don kada sarƙa ta kama wa Inna zane. Sauran jikin za a naɗe shi a mayar rumfa, a ajiye a saman kanta inda ruwa ba ya kaiwa. Daga nan za a wuce da injin bayan gidanmu a kafa shi a bakin rijiya. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo hannu sake: mai igiya ya zo da ita, mai siminti ya zo da shi, Rashidu ya zo da ƙarfinsa ya bar hular a gida. Sanda zai tsaya ta bayan danga inda Inna ba za ta gan shi ba, ni kuma ina ganin hannuwansa, in na ɗaura wani abu ba daidai ba ya yi tari.

Za a yi zaman makoki a inuwar zogale. Na ce a sayo ruwa, Inna ta ce ba a gidanta ba, baƙin da suka zo mata gaisuwar Hajiya ita za ta ja musu ruwa da safe da hannunta, ta naɗe jarkar da buhu ya yi sanyi. Na yi, na yi, ta ƙi. Don haka ina roƙon duk wanda aka miƙa wa moɗa ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya yaba sanyinsa, kada ya zubar da ko ɗigo. Shi ne ruwa na ƙarshe da za ta ja da wannan kafaɗar, in Allah ya yarda, in kuma Sanda bai shirya mana wani abu ba.